Yaƙin Naseby: abin da ƙasa ta yi wa dawakin Sarkin Ingila

Ranar 14 ga watan Yuni na 1645, a wani fili arewa da ƙauyen Naseby a tsakiyar Ingila, rundunar Sarki Charles na Ɗaya ta gwabza da rundunar majalisar dokokin ƙasarsa. Da hantsi aka fara, kafin azahar ƙura ta lafa. A 'yan sa'o'in nan sarki ya rasa kusan dukan sojojinsa na ƙasa, da manyan bindigoginsa, da akwatin wasiƙunsa na sirri, kuma bai ƙara haɗa runduna irin wannan ba har aka fille masa kai a watan Janairun 1649. Masu ba da labarin sukan taƙaita shi da cewa mahayan Oliver Cromwell na ɓangaren majalisa masu jin magana ne, na Yarima Rupert na ɓangaren sarki kuwa 'yan garaje ne masu kwaɗayin ganima. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai wanda ya tsaya a nan ya bar babban abu a baya, wato ita kanta ƙasar da kofatan dawakin suka taka.

Basasar ta ɓarke ne tun 1642 a kan haraji, da tsarin coci, da tambayar wa ke da iko da soja tsakanin sarki da majalisa. Bayan kusan shekara uku ana ɗauki-ba-daɗi, majalisa ta gaji da rundunonin larduna waɗanda ba sa son yin nisa da gida, ta kafa sabuwar runduna guda mai albashi a ƙarƙashin Thomas Fairfax, mai shekara 33. A takarda an tsara mata rejimanti 11 na doki, kowace mutum 600, da rejimanti 12 na sojan ƙasa, da rejimanti ɗaya ta daragun, wato masu hawa doki su isa wuri sannan su sauka su yi faɗa da bindiga. Mahayi na karɓar sule 2 a rana, sojan ƙasa kuwa sulusin haka. A ƙarshen watan Mayu sojojin sarki suka fasa garin Leicester suka washe shi. Fairfax ya bar kewayen da ya yi wa Oxford, hedkwatar sarki, ya bi sawunsu. Ana gobe yaƙi Cromwell ya iso sansani da wasu ɗaruruwan mahaya, aka damƙa masa shugabancin dawaki.

Kafin a gane abin da ƙasa ta yi, sai an san yadda mahayin wancan zamani ke faɗa. Yana sanye da rigar fata mai kauri, bisanta sulken ƙarfe na ƙirji da na baya, ga kwalkwali mai sanduna uku da ke kare fuska. Makamansa takobi ne da ƙananan bindigogi biyu a jikin sirdi. Waɗannan bindigogin ba sa cin nisa, kuma ɗura musu albarushi bisa dokin da ke tsalle cikin hayaƙi abu ne mai wuya, don haka harbi ɗaya ake yi, sauran aikin na takobi ne. Ƙarfin barade yana ga sahunsu. Ana jera su sahu uku, a matse, gwiwar wannan na gogar ta wancan, su taho da sassarfa kamar bango mai tafiya. Doki ba ya son faɗa wa abin da ba shi da kafa. Idan sahu biyu suka fuskanci juna, wanda ya fara buɗewa shi ke shan kashi, domin ta wannan kafar abokin gaba zai kutsa, kowane mahayi ya tarar ana saransa ta gefe.

To me ke buɗe sahu? Sau da yawa ba tsoro ba ne. Kududdufi ne da dawaki uku za su kauce wa, ko ramin da zai kama ƙafar guda ya kife da mai shi, na baya su yi karo da shi, ko kurmin ƙaya da zai raba ƙungiya biyu. Hawan tudu ma yana cin numfashin dokin da ke ɗauke da mutum da ƙarfe. Sannan ga babbar matsala: doki in ya yi sukuwa sau ɗaya ya shiga haki, mahaya sun watsu kowa na bin nasa, tattara su a sake jera sahu aiki ne mai cin lokaci. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada ranar hawan sallah ya ga jahi ya san cewa sakin linzami kowa ma ya iya, gwanintar tana wajen jan sa a tsaya cak a jere gaban sarki. Wannan kuwa a fili ne shararre, da mahaya 'yan kaɗan, ba mai harbin kowa. Saboda haka shugaban dawaki kusan harbi ɗaya gare shi da kowane sahu. Wanda ya rage da sahun da bai taɓa ba bayan abokin gaba ya ƙarar da nasa, yaƙin na hannunsa.

Filin Naseby kwari ne marar zurfi da ake kira Broad Moor, tsakanin tudu biyu. Na arewa, Dust Hill, nan sojojin sarki suka ja daga. Na kudu, wanda ƙauyen ke bayansa, na majalisa ne. Faɗin wurin da za a iya jera soja bai wuce kilomita 2 ba. Tsakiya gonakin gari ne da ba a killace ba, an yi musu manyan kunyoyi masu faɗi da garmar shanu, ƙasan kwarin kuma akwai taɓo nan da can. Ta yamma filin ya ƙare a jikin shingen Sulby, dogon shinge na itatuwa masu kauri da ya raba ƙasar Naseby da makiyayar maƙwabtansu. Ta gabas kuwa ƙasar ta lalace: gangare, kurmin ƙaya, da wani fegi da aka ware don kiwon zomaye saboda nama da fata, wanda suka huda ko'ina da ramuka. Waɗannan iyakoki biyu su suka yanke wa kowa faɗin da zai samu.

Da asuba sojojin sarki suna kan wani tudu mai kyau kusa da East Farndon, inda da sun zauna da sai Fairfax ya sha wuya kafin ya hau musu. Sun kuma fi buƙatar tudun, domin ba su kai dubu 10 ba, majalisa kuwa tana da wajen dubu 14. Dubban mahayan sarki suna can yammacin ƙasar tare da George Goring, wani janar ɗin sarki, ba su zo ba. Da hazon safiya shugaban 'yan leƙen asiri, Francis Ruce, ya fita ya dawo ya ce bai ga kowa ba. Rupert, ɗan 'yar'uwar sarki, mai shekara 25, wanda shi ke riƙe da rundunar, ya hau ya je da kansa. Ya hango mahayan majalisa suna juyawa kamar masu janyewa. Alhali wuri suke sakewa. Inda suka fara tsayawa akwai fadama a gabansu, kuma an ruwaito cewa Cromwell ne ya ba da shawarar a matsa, don in wurin ya yi tsauri da yawa Rupert ba zai kawo hari ba, su kuwa yaƙin suke so a yi a ranar. Da suka kai sabon tudun ma sai Fairfax ya ja sahunsa baya kamar taku 100, suka ɓuya a bayan ƙoƙuwar tudun. Rupert ya aika a taho da sauri. Haka ƙaramar runduna ta sauko daga tudunta da ƙafarta, ta zo ta hau wa babba a nata tudun. A ganina tun nan aka ci rabin yaƙin, ba a ko harba bindiga ba.

Da yake tufafin ɓangarorin biyu kusan iri ɗaya ne, mutanen sarki sun soka ganyen wake a huluna don su gane juna, kalmar sirrinsu kuwa sunan sarauniya. Na majalisa suna kiran Allah ne ƙarfinmu.

A yamma, inda ƙasa ta fi buɗewa, Rupert da ƙanensa Maurice suka fuskanci Henry Ireton, mai riƙe da dawakin majalisa na wannan gefen. Cromwell ya riga ya ga amfanin shingen Sulby. Kanar John Okey, shugaban daragun, ya rubuta daga baya cewa yana can baya cikin wata makiyaya yana raba wa mutanensa harsashi Cromwell ya zo ya ce su hau maza. Suka isa bayan shingen, suka sauka, suka laɓe. Da mahayan Rupert suka zo wucewa sai wuta ta tashi musu ta gefen dama daga wurin da takobi ba ya kaiwa. Duk da haka ba su tsaya ba. Ireton ma ƙasa ba ta bar shi ba: a gaban sahunsa akwai ramukan ruwa da guntayen lambatu da ba a lura da su ba, suka karya masa jeri tun kafin a haɗu. Ɓangarensa na dama ya ture waɗanda ke gabansa, sai ya juya da su don ya agaza wa sojan ƙasa. Nan aka kashe dokinsa, aka soke shi da dogon mashi a cinya, aka sare shi a fuska, aka kama shi. Sauran mutanensa suka yi ta turereniya da na Rupert, takobi da takobi, har sai da sahun Rupert na biyu ya shigo sannan suka karye suka runtuma kudu.

A lura da wannan, sai da sahu na biyu. Rupert ya fasa mahayan da suka fi nasa yawa, a hawan tudu, ana harbinsa ta gefe. Bajinta ce da ba za a raina ba. Amma ya zuba duk abin da ke hannunsa kafin ya samu, kuma filin da ke gabansa a buɗe yake har ƙauye, ba abin da zai tare dokin da ya ga bayan abokin gaba. Suka bi su har inda aka ajiye amalanken kayan majalisa. Wani da ke wurin ya ba da labarin cewa shugaban masu gadin kayan ya ga wani mai jar hula irin ta Fairfax, ya ɗauka shi ne, ya cire tasa hular ya tambaye shi yaya yaƙi. Rupert ya ce su miƙa wuya. Suka amsa masa da harsashi. Kafin ya tattara mutanensa ya juyo da dawakin da suka riga suka gaji, an gama komai a baya.

A gabas labarin ya sha bamban, kuma nan ne zuciyar al'amarin. Cromwell yana da mahaya kusan ninki biyu na Marmaduke Langdale da ke gabansa, amma ba shi da wurin shimfiɗa su. Tsakanin sojan ƙasa ta hagunsa da ramukan zomaye da ƙaya ta damansa, kafar ƙarama ce. Dole ta sa ya jera su runduna bayan runduna, layi uku, maimakon biyu da aka saba. Har rejimantin Edward Rossiter da ta iso daga Lincolnshire ana dab da farawa sai can gefe aka cusa ta. Da ido, ƙasa ta cuce shi, tunda ta hana shi nuna yawansa a karon farko. Waɗanda ke can dama sun sauko cikin ramuka da ƙaya a hankali, jerinsu a karkace. Rejimantin Edward Whalley ce ta fara haɗuwa da mahayan Langdale, 'yan arewacin Ingila, tsofaffin hannu, waɗanda suka tsallaka kwarin suka kama hawa. Aka yi musayar wuta a kusa, aka koma takobi. Mutanen Langdale sun yi ta maza, amma suna hawa ne ana sauko musu, ana kuma zagayo su ta gefe, daga ƙarshe suka karye.

Matsin da ya hana Cromwell zuba mahayansa gaba ɗaya shi ne ya adana masa su. Lokacin da Langdale ya juya, layin gaba kaɗai ya jiƙe da gumi. Na baya suna zaune bisa sirdi a jere, dawakinsu ba su yi haki ba, hafsoshinsu na jin umarni. Ya tura wani kaso su bi Langdale don kada ya sake haɗuwa, ya juya sauran hagu, suka faɗa wa sojan ƙasa na sarki ta haƙarƙari.

Su kuwa waɗannan sojojin ƙasa, ƙarƙashin dattijo Jacob Astley, saura kaɗan su ci nasu yaƙin. Da suka hau tudun suka yi harbi ɗaya, sai suka rufa wa na majalisa da takobi da gindin bindiga. Sahun farko na Philip Skippon, shugaban sojan ƙasa na majalisa, wanda da yawansu sababbin ɗauka ne, ya ja baya. Harsashi ya sami Skippon a ƙarƙashin haƙarƙari, ya ƙi barin fili. Sahun ko-ta-kwana da ke bayan tudu ne ya tare ɓarakar. Ana cikin haka Cromwell ya auko ta gabas. Okey ya ga dama ta samu, ya ce wa mutanensa su hau dawaki, suka fito daga bayan shinge suka auko ta yamma, abin da ba aikin daragun ba ne. Sojan ƙasa da ke fama da na gabansa ba shi da yadda zai juya dogayen masu ya tare doki ta gefe biyu. Suka fara zubar da makamai. Rejimanti ɗaya mai shuɗiyar riga, ta Rupert, ta tsaya ta kore hari bayan hari, har sai da Fairfax da kansa, kai ba kwalkwali don ya faɗi a cikin turmutsitsin, ya sa aka auka mata gaba da baya lokaci guda.

Sarki yana Dust Hill da 'yan mahayan da suka rage masa, masu tsaron lafiyarsa. Ya zabura zai jagorance su cikin faɗan, sai wani basaraken Sikotlan, mai sarautar Carnwath, ya cafke linzamin dokinsa yana cewa mutuwa za ka kai kanka? Ya juya kan dokin. Mahayan da ke baya suka ga sarki ya juya, suka ɗauka umarni ne, suka juya su ma da sukuwa. Da Rupert ya dawo, an yi ƙoƙarin sake jera dawakin, amma suka ƙi kai hari na biyu.

Edward Hyde, mashawarcin sarki da ya rubuta tarihin basasar, ya yarda da bakinsa cewa mahayan sarki ko sun yi nasara ba sa sake haɗuwa a ranar, na Cromwell da Fairfax kuwa ko sun ci ko an ci su sukan koma sahu su jira umarni. Abin ya taɓa faruwa a Edgehill a 1642, inda mahayan Rupert suka bi 'yan gudu har garin Kineton suka bar sojan ƙasa su kaɗai. Don haka horo da albashi da tsoron Allah da Cromwell ya dasa a mutanensa ba tatsuniya ba ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗora wa Rupert laifin duka, kamar da ya ja linzami da an tsira. Da wa zai juyo? Ba shi da layi na uku. Cromwell bai tsayar da mahayan da ke tsakiyar sukuwa ba, waɗanda ba su fara ba ya juya. Yawa ne ya ba shi su, sarkin yawa kuwa ya fi sarkin ƙarfi, ƙasa kuma ta tilasta masa ajiye su a baya. Nasa gwanintar ita ce ya gane abin da ke hannunsa, ya kuma san inda zai sauke shi. Da wani ne da ya tura duka su bi Langdale.

Fairfax ma ba baƙo ba ne ga wannan darasi. Shekara guda kafin nan, a Marston Moor, shi ke riƙe da dawakin dama, lambatu da ƙaya suka tilasta wa mutanensa ratsawa a tsinke, Goring ya tarwatsa su, shi kansa ya fita da sara a fuska. Mutumin da ya sha wannan ba zai yi wasa da zaɓen fili ba.

Ƙasa ba ta gama da masu gudu ba. Harsasan dalma da masu bincike suka tono a ƙarshen ƙarni na 20 sun nuna cewa wasu sojojin sarki sun yi ta ja da baya suna harbi har wani tudu da ake kira Wadborough, can arewa da filin, abin da ke nuna ba duka suka watse nan take ba. Mahayan majalisa sun bi sauran har kusa da Leicester. Mutanen yankin suna ba da labarin wasu mahaya da suka bi hanyar Marston Trussell suna zaton za ta fitar da su, ashe a harabar coci ta ƙare, aka rutsa su a nan aka karkashe. Mafi muni shi ne abin da aka yi wa matan da ke bin sansanin sarki. An kashe fiye da 100, an tsaga wa wasu fuska. An ce wai 'yan Ailan ne, amma masana da yawa na ganin matan Wales ne da sojojin ba su gane harshensu ba. Horon da ake yabon rundunar da shi bai hana ta wannan ta'asa ba, kuma bai kamata a ba da labarin Naseby a tsallake ta ba.

An kama fursunoni fiye da 4,000, aka kora su Landan aka zaga da su a titi. Wasiƙun sarki da aka samu majalisa ta buga su kowa ya karanta, aka ga yana neman sojoji daga Katolikan Ailan da ƙasashen waje, abin da ya zubar masa da mutunci a idon masu goyon bayansa da dama.

Kada a ɗauka cewa matsattsen wuri kullum alheri ne ga mai doki. Ranar 10 ga Yuli, ƙasa da wata guda bayan Naseby, Fairfax ya tarar da Goring a Langport bisa tudu, a gabansa rafi, mashiga ɗaya tak, daga ita sai siririyar hanya mai shinge dama da hagu cike da 'yan bindiga. Da ya tura dawaki kai tsaye da yanka ya kai su. Sai ya fara da manyan bindigogi har na Goring suka yi shiru, ya tura 'yan bindigar Thomas Rainsborough suka share shingayen, sannan Manjo Christopher Bethell ya ratsa mashigar da mahayansa huɗu-huɗu, ya hau tudun, John Desborough na biye da shi da sababbin dawaki. Rundunar Goring ta watse, ita ce babbar runduna ta ƙarshe da sarki ke taƙama da ita. A watan Satumba Rupert ya miƙa birnin Bristol, kawunsa sarki ya tuɓe shi daga muƙami. A watan Mayun 1646 sarki ya miƙa kansa ga sojojin Sikotlan da ke kewaye da garin Newark.